Wa Ya Ƙirga Ungulun Tamale?

Duk shekara idan hunturu ya kankama, daga Disamba zuwa Fabrairu, akan ga motoci suna ratsa Tamale ɗauke da baƙi, galibinsu dattawan Turai, kowanne da madubin hangen nesa rataye a wuya da ɗan littafi a aljihu. Dajin Mole suka nufa, tafiyar kilomita 150 ko kusa da haka yamma da mu, kuma abin da ya baro da su daga ƙasashensu shi ne kallon tsuntsaye. A majalisunmu na Sakasaka da Aboabo an daɗe da yanke musu hukunci: mutanen da suka ƙoshi ne, sun rasa abin yi da kuɗi. A yi dariya, a ƙara zuba shayi. Ni kuwa ina ganin wannan dariya ta fi komai tona asirin mai yin ta, domin dariyar wanda ake kwashe masa kayan ɗaki ce yana zaune a ƙofar gida yana yi wa masu wucewa ba'a.

Bari mu fara da abin da suke nema. An rubuta nau'in tsuntsaye wajen 750 a ƙasar Ghana, fiye da 300 daga ciki a Mole kaɗai. A can akwai wata ƙatuwar mujiya jaja-jaja wadda kifi take kamawa da dare, mutum yakan yi kwanaki yana bin bakin rafi bai gan ta ba. Akwai yautai wanda a wannan lokaci namijinsa kan fitar da dogayen gashi biyu, ɗaya a kowane fiffike, idan ya tashi da magariba sai ka rantse wasu ƙananan tsuntsaye biyu ne ke bin sa a baya. A bakin kogin Farar Volta wajen Daboya, garin masaƙa, akwai ɗan tsuntsun yashi mai launin toka da baƙin ɗamara a ƙirji, wanda mutane kan biya kuɗin jirgi daga Landan don su gan shi sau ɗaya a rayuwa. Mu da muke zuwa Daboya sayen saƙi, mu nawa ne muka taɓa ɗaga kai muka dube shi?

Sai kuma baƙin hunturu. Idan sanyi ya rufe Turai, ƙwari suka ɓace, miliyoyin tsuntsaye kan ƙetaro teku da Sahara su sauka a wannan yanki namu. Tsattsewar da kake gani tana shawagi a kan madatsar ruwa ta Bontanga ko Libga a watan Janairu, mai yiwuwa a rumfar shanun wani manomi a Faransa ko Jamus aka ƙyanƙyashe ta. Cikinsu akwai wani ɗan tsuntsu mai ruwan ganye-ganye da bai wuce giram 10 ba, wato bai kai nauyin matsakaicin goro ɗaya ba, amma yakan ratsa hamadar da faɗinta ya kusa kilomita 2,000, ya yi rani a cikin rassan kaɗanya da ɗorawa, ya koma gida da bazara. Su kansu Turawa sun daɗe ba su san inda tsuntsayensu ke zuwa ba. Har malamansu sun taɓa rubuta cewa tsattsewa cikin laka take nutsewa ta yi barci sai sanyi ya wuce. A shekarar 1822 ne aka harbo wata farar shamuwa a arewacin Jamus, aka tarar da kibiyar mutanen Afirka soke a wuyanta, da ita ta yi tafiyar gida. Har yau tana ajiye a Jami'ar Rostok.

Idan akwai al'ummar da bai kamata ta raina wannan labari ba, mu ne. Kakanninmu 'yan ci-rani ne, sun baro Kano da Katsina da Sakkwato da jakuna, suka sauka a Salaga neman goro, yaƙin basasar 1892 ya watsa su zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kumasi da sauran zangogi. Mun san abin da ake nufi da zango: wurin da matafiyi ke samun ruwa da inuwa kafin ya ci gaba. Kowace fadama da kowace kaɗanya a ƙasar Dagomba zango ce ga waɗannan halittu. Ana ma cewa sunan Tamale kansa daga kalmar 'ya'yan kaɗanya ya samo asali a harshen Dagbani. Yau buhunan gawayin da ke jere a bakin titin Buipe da na Damongo suna ba da labarin inda itatuwan suka tafi.

Mai dariya zai ce, to, an ji, tsuntsu ya yi tafiya, sai me? Amsar ita ce mutanen nan ƙirgawa suke yi, kuma suna rubutawa. A Amurka tun 1900 ake fita ƙidayar tsuntsaye a ƙarshen Disamba, mutum 27 ne suka fara, yau dubbai ne, ba a taɓa fashi ba. A Ingila tun 1979 ake ware ƙarshen watan Janairu, kowa ya zauna awa ɗaya a bayan gidansa ya rubuta abin da ya gani. Amfanin irin wannan ya bayyana a bazarar 1969, lokacin da masu ƙidaya a Ingila suka lura cewa wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro da ke rani a yankin Sahel bai dawo ba sai kaɗan, fiye da rabi sun ɓace cikin shekara guda. Da aka bi sawu sai aka gano damina ce ta gaza a bakin hamada. Wato tsuntsu ya kai labarin fari tun kafin yunwar 1973 ta kashe dabbobi da mutane a Nijar da Mali da arewacin Najeriya, duniya ta farga. Wanda ya rubuta adadin bara shi kaɗai ke iya cewa na bana ya ragu. Sauranmu sai dai mu ce "da dai akwai su da yawa", maganar da ba ta tsayar da hujja a gaban kowace hukuma.

Ga masu cewa wannan al'adar Nasara ce, ina roƙon su koma ga Suratun Namli. A can aka ba mu labarin Annabi Sulaiman, amincin Allah ya tabbata a gare shi, yana binciken rundunarsa ta tsuntsaye, ya lura guda ɗaya ba ya nan, ya tambayi inda alhudahuda ya shiga. Sarkin da aka hore wa iska da aljannu bai ga ƙasƙanci ba a cikin lura da rashin tsuntsu ɗaya. A Suratul Mulki da Suratun Nahli kuma an ja hankalinmu mu dubi tsuntsaye a sararin sama. Yaranmu suna haddace waɗannan surori a allo, amma yaron da ya tsaya yana kallon alhudahuda a filin makaranta, rankwashi zai sha a ce ya cika shashanci.

To, mu wane tsuntsu ne ya ɓace daga rundunarmu ba mu tambaya ba? Ungulu.

Duk wanda ya haura shekara arba'in a garin nan ya san lokacin da ungulu ta fi kaza yawa a bakin mahauta. Tana kan rufin kwanon kasuwa, tana kan juji, tana bin bayan masu wankin tumbi, har sai an kore ta da ƙafa. Saboda sabo da ita ne harshenmu ya cika da sunanta: ungulu ba ta jewar banza, an yi wa wane ungulu da kan zabo, ungulu ta koma gidanta na tsamiya. Yau ka tambayi ɗan shekara goma sha biyu a Sakasaka yaushe rabonsa da ganin ungulu goma wuri ɗaya. Baƙon tsuntsu na gaskiya a hunturun bana, wanda ganinsa ya cancanci a ba da labari, shi ne wannan da muka tashi muna jifa.

Kuma abin bai tsaya ga Tamale ba. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya wannan ungulu tamu ta cikin gari a jerin masu fuskantar haɗari a 2011, sannan a 2015 ta ɗaga ta zuwa mataki na ƙarshe kafin ƙarewa. Masana sun kiyasta ta ragu da kusan kashi 80 cikin 100 a tsawon zuriya uku. A farkon 2020 an tsinci gawar ungulu fiye da 2,000 a gabashin Gini Bisau, an sa musu guba, da yawa an yanke kawunansu. Tsuntsuwa ce da ƙwai ɗaya tak take sakawa a shekara, kuma ɗanta kan ɗauki shekaru kafin ya isa haihuwa, saboda haka abin da guba ta kashe a safiya ɗaya, shekara ashirin ba ta mayar da shi.

Dalilan suna da yawa, wasu ma ba laifin kowa ba ne. An gyara mayanka, an rage zubar da kayan ciki a fili, abincinta ya ragu. An sare rimi da maɗaci da giginya inda take sheƙa. Makiyayi kan sa guba a mushe don kura ko karnuka, ungulu ta ci ta mutu. Amma akwai dalilin da ba ma son a faɗa a zango, shi ne kasuwar kan ungulu. Bincike a kasuwannin magungunan gargajiya na arewacin Najeriya ya nuna ana shigo da ungulu daga Nijar da Benin da Kamaru da Chadi har Sudan, saboda ta gida ta ƙare. A faɗin Afirka, kusan kashi uku cikin goma na mutuwar ungulun da aka rubuta ciniki ne ya jawo ta. Su wa ke saye? Mai neman sa'ar caca, mai neman kujerar siyasa, mai son a buɗe masa ido ya ga gaibu. Su wa ke fatauci? Ba zan ɗora wa ƙabila ɗaya ba, domin hannaye da yawa ne a ciki, amma duk wanda ya san shimfiɗar masu sayar da sassaƙe da fatu da ƙasusuwa a manyan kasuwannin Afirka ta Yamma ya san da wane harshe ake yawan yin cinikin. Muna alfahari da cewa Hausa harshen fatauci ce daga Agadas zuwa Ankara. To, alfaharin yana tafe da alhakinsa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne shirun malamai. Na sha jin wa'azi a kan tsawon wando da faɗin mayafi, amma ban taɓa jin an hau mumbari an ce wanda ya sa wa halittar Allah ɗari guba don ya sayar wa boka kawunansu ya haɗa zunubi biyu ba, ɓarna a bayan ƙasa da taimakon shirka. Wannan ba ya buƙatar digiri a ilimin dabbobi.

Wanda kuma tausayi ba ya motsa shi, to ya ji tsoron abin da ya sami Indiya. A shekarun 1990 wani maganin ciwon jiki da ake yi wa shanu allurarsa, diclofenac, ya kashe fiye da kashi 95 cikin 100 na manyan ungulayen ƙasar kafin a hana shi a 2006. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili, karnukan daji suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru, ruwan sha ya gurɓata. Wani binciken masana tattalin arziki da aka buga a 2024 ya kiyasta cewa rashin ungulu ya jawo mutuwar mutane kusan 500,000 cikin shekara biyar. Cikin ungulu yana narkar da ƙwayoyin cutar da ke kashe saniya da mutum. Ma'aikaciyar tsafta ce da ba ta taɓa karɓar albashi daga majalisar birni ba, mu kuwa garinmu kwatoci a buɗe suke.

Na san za a ce talakan da ke neman na tuwon dare ina shi ina kallon tsuntsu. Hujjar tana da nauyi da a ce ba mu ne muke kashe awa biyu a kan wasan ƙwallon Ingila ba, mu ƙara awa biyu muna gardama a kansa. Matashin da ya haddace sunayen 'yan wasan ƙungiya ashirin bai rasa ƙwaƙwalwar riƙe sunan tsuntsu talatin ba. Kuma sunayen nan namu ne, suna mutuwa a bakinmu. Shamuwa da ke zuwa da damina, zalɓe, gauraka, burtu, cilakowa, carki, marai, hasbiya, ragon maza, zakaran ƙeƙuwa, kirinjijiya, dinya, borin tunke, tsirya, suda. Yaran da aka haifa a nan, masu Hausa a gida da Dagbani a titi da Turanci a makaranta, duk waɗannan sun taru a bakinsu sun zama "tsuntsu". Tsofaffin da za su iya nuna kowanne da yatsa suna nan a zauruka, amma kowace shekara ana kai wasu makwanci.

Su ma masu ƙungiyoyin kare namun daji suna da nasu rabon na zargi. Taro a otal a Ankara, takarda da Turanci, hoto a intanet, shi ke nan an ceci ungulu. Mahauci bai ji ba, makiyayi bai ji ba, mai sayar da maganin gargajiya ba a ko gayyace shi ba. Jami'ar UDS tana nan kusa da mu tun 1992, a Jos akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta Leventis da ta horar da 'yan Afirka da yawa, amma har yau da wuya ka sami ɗan littafin tsuntsayen arewacin Ghana da Hausa ko Dagbani a hannun ɗalibi.

Abin da nake kira gare shi ƙarami ne, ba ya jiran kowa. Sarkin fawa ya sa yaro ɗaya mai hankali, kowace Juma'a da hantsi ya ƙirga ungulun da ke mayanka, ya rubuta rana da adadi a littafin makaranta, ko da adadin sifili ne, domin sifilin ma shaida ne. Malamin Islamiyya ya ɗauki ɗalibansa safiya ɗaya a Janairu zuwa bakin ruwa tare da dattijo guda da ya san sunaye, a rubuta su da boko da ajami. Mai waya ya ɗauki hoto, akwai rumbun eBird da ke karɓar rahoto daga ko'ina kyauta.

Gargaɗi ɗaya kawai. Yanzu ne lokacin sheƙar ungulu, da rani take kwanci a kan ƙwanta guda a can ƙololuwar dogon itace. Wanda Allah ya nuna wa irin wannan sheƙa ya rubuta a littafinsa, ya gaya wa jami'in kula da namun daji idan ya amince da shi, amma kada ya sa hoton itacen da sunan unguwar a Facebook. Masu neman kan ungulu su ma suna da waya.