Bara Daban, Bawa Daban: Raddi Ga Masu Haɗa Barantaka da Bauta a Tarihin Amurka

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin wasu marubuta a Amurka, yanzu har ta fara shigowa bakin samarinmu masu son tarihi. Cewa suke yi bautar da aka yi wa baƙar fata a can ba ta da wata alaƙa da launin fata, domin Turawa ma an bautar da su, su ne ma suka riga ɗanɗana ɗacinta. Hujjojinsu uku ne. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya, inda suke da gaskiya in ba su gaskiyarsu.

Hujja ta farko: sun ce talakawan Ingila da aka kai Virginia noman taba bayi ne, suna kawai aka canza musu.

Amsa: ba mu musun wahalarsu. Bayan kafa garin Jamestown na Virginia a 1607, gonakin taba sun buƙaci hannu, sai aka riƙa ɗauko matalauta a kan yarjejeniya: a biya wa mutum kuɗin jirgi, ya yi barantaka shekara 4 zuwa 7. An yi musu bulala, an sayar da ragowar wa'adinsu daga wannan ubangida zuwa wancan, da yawansu cuta da yunwa sun kashe su kafin ranar sallama. Amma akwai ranar sallamar, a rubuce take. In ta zo, sai a ba bara masara da tufafi ya kama gabansa, yana iya mallakar gona, ɗansa kuma ɗa ne tun daga haihuwa. Bahaushe bai taɓa rikita bara da bawa ba. Bara ƙarfinsa ya jinginar, bawa kuwa kansa ne a hannun wani.

Hujja ta biyu: sun ce 'yan Afirkan farko da suka sauka a 1619 barorin wa'adi ne kamar kowa.

Amsa: yarjejeniya sai da yardar mai ita. Mutum ashirin da 'yan kai da jirgin White Lion ya sauke a Point Comfort a watan Agusta na waccan shekarar, kamo su aka yi a ƙasar Angola, aka loda su a jirgin Fotugal mai suna São João Bautista za a kai su Meziko. A teku aka yi fashinsu, aka kawo su Virginia aka yi musayarsu da abinci. A ina suka sa hannu? Gaskiya ne a lokacin babu dokar bauta a rubuce, kuma wasunsu sun sami 'yanci daga baya. Sai dai ga abin da ya faru a 1640. Barori uku sun gudu tare, aka kamo su tare: Victor ɗan Holan, James Gregory ɗan Sikotilan, da John Punch baƙar fata. Kowa ya sha bulala 30. Turawan biyu aka ƙara musu shekara huɗu-huɗu. Shi kuwa Punch aka yanke masa yi wa ubangidansa aiki har ƙarshen ransa. Laifi ɗaya, kotu ɗaya, rana ɗaya. Mai cewa launi bai shiga ba, sai ya faɗa mana abin da ya raba hukuncin.

Hujja ta uku, wadda suka fi alfahari da ita: wai wanda ya fara mallakar bawa a Amurka baƙar fata ne, Anthony Johnson.

Amsa: Johnson ya wanzu, ya sami 'yanci, ya mallaki eka 250, kuma a 1655 kotu ta mayar masa da John Casor a matsayin bawansa. Ba mu wanke shi. Amma hukuncin Punch ya riga wannan da shekara 15, Massachusetts kuma ta halatta bauta a dokarta tun 1641. Sannan me ya sa ba sa ƙarasa labarin? Da Johnson ya mutu a 1670, aka ƙwace filin da ya rage da sunansa a Virginia, aka ce shi baƙar fata ne, saboda haka baƙo ne a ƙasar.

Dokokin da suka biyo baya su ne babbar shaida, domin kowace ƙofa da baƙar fata ya bi ya tsira, ita aka toshe. A 1656 Elizabeth Key ta ci shari'ar neman 'yancinta, ta kafa hujja da cewa mahaifinta Bature ne ɗan Ingila, ita kuma Kirista ce. A 1662 majalisar Virginia ta ce ɗa zai bi matsayin uwarsa, saɓanin al'adar Ingila da take bin uba. Ta haka ubangida ya sami damar sayar da ɗan cikinsa. A 1667 aka ce shiga Kiristanci ba ya 'yanta bawa. A 1669 aka ce wanda bawansa ya mutu a hannunsa wajen horo bai yi laifin kisa ba. Bayan tawayen Bacon a 1676, inda barori farare da bayi baƙaƙe suka ɗauki makami tare har aka ƙone Jamestown, masu gonaki suka ƙara karkata ga sayen bayi, har dokar 1705 ta tattara komai ta ɗaure tamau.

Abin da ya sa na damu da wannan magana shi ne, wanda ya haɗa bara da bawa ya share hakkin wanda aka fi zalunta, ko ya sani ko bai sani ba. A tausaya wa yaron da aka ɗauko daga titunan Landan ya mutu a gonar taba, ya cancanci tausayi. Amma wanda ya rayu a cikin barorin ya ƙirga shekarunsa ya fita. Macen da dokar 1662 ta hau kanta, ita da abin da ke cikinta da jikokinta, sai da aka yi fiye da shekara 200, aka gwabza yaƙin basasa, kafin a kwance su a 1865.