Yara masu galahanga: Ina suka dosa bayan firamare a Kano?

A duk farkon shekarar karatu, yaran unguwanni irin su Goron Dutse da ke Ƙaramar Hukumar Gwale kan bar firamare zuwa ƙaramar sakandare. Sai dai ga masu lalurar galahanga, wato otizim, da masu wahalar sarrafa gaɓɓai wajen rubutu, nan ne karatun kan fara tangal-tangal.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 kimanin mutum 1 cikin 127 na da wannan lalura. A ƙasar Hausa kuwa akan danganta ta da iskokai, abin da kan jinkirta zuwa asibiti.

A dokance babu gardama. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara 9, har ƙarshen ƙaramar sakandare. Haka kuma dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a Janairun 2019, ta ba su ilimi kyauta har sakandare.

To amma samun gurbi daban, iya zama a aji daban.

A firamare yaro kan shaƙu da malamin ajinsa, wanda ya san abin da ke firgita shi. A sakandare kowane darasi da malaminsa, ga hayaniya, ga baƙin fuskoki. Mai galahanga kuwa ya dogara ne da abin da ya saba, kuma sauyin ba-zata kan rikita shi. Wanda hannunsa ke da nauyi ba ya gama kwafe darasi kafin a goge allo, sai a ɗauke shi malalaci.

Makarantar musamman ta Tudun Maliki an fi saninta da kurame da makafi, don haka makarantar unguwa ce mafi kusa ga akasarin waɗannan yara.

Babban giɓin shi ne abin da malamin firamare ya sani ba ya bin yaron. A Ingila, ƙarƙashin dokar 2014, dole hukuma ta sabunta takardar buƙatun yaro tare da bayyana sakandaren da zai shiga kafin 15 ga Fabrairu ta wuce.

Kwatankwacin wannan ba ya buƙatar sabon gini. Takarda guda daga shugaban firamare, da kai yaro ya ga makarantar kafin a koma hutu, da malami ɗaya da zai riƙa tuntuɓa, da ƙarin lokaci a jarrabawa, za su rage matsalar. Jami'ar Bayero na da Sashen Ilimi na Musamman da zai iya horar da malamai.

A Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi. Ɗaya daga cikin ma'aunan nasararta shi ne yawan irin waɗannan yara da za su kammala aji uku na ƙaramar sakandare.