'Yan Jarida, Ku Tono Mana Da Hausa

Edita,

Ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in yaba wa 'yan jarida, in kuma kai musu kukana.

Duk wanda ya yi wayo a 1996 bai manta da annobar sanƙarau ba. A cikin wannan tashin hankali ne kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada sabon maganinsa, Trovan, a Kano. Yara 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye kuwa suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi. Wa ya tono maganar? Jaridar Washington Post ce, a 2000. Gwamnatin tarayya ta kafa kwamiti, ya gama rahoto a 2001, aka kulle a durowa, sai a 2006 wannan jarida ta sake bankaɗo shi.

To amma da Turanci aka tono. Ni a bakin mutane na tsinci labarin, a kasuwar Funtua inda nake kai masara, rabi gaskiya rabi ƙarin gishiri. Shi ya sa da masu ɗigon shan inna suka zo ƙofar gidana a 2003, na ɓoye ɗana na fari a bayan rumbu. Allah ya tsare shi. Ɗan maƙwabcina, sa'ansa, har yau yana jan ƙafa, kuma wallahi ni na zuga ubansa.

Na ji 'yan jarida sun yi shekaru suna fafutika kafin a sa hannu kan dokar 'yancin samun bayanai a 2011. Madalla. To ku yi amfani da ita mana! Duk damina amai da gudawa na ɗibar mutane a ƙauyukanmu. Mutum nawa? Wace rijiya? Shiru. In hukumar NAFDAC ta kama jabun magani, ku faɗi sunansa da kalar kwalinsa, a jarida da rediyo, don ni ma ina ajiye 'yan ƙwayoyin ciwon kai a teburina, ban san abin da nake sayar wa jama'a ba.

Naka,
Manomi mai ɗan tireda,
Malumfashi, Jihar Katsina.