Ku daina ce mana "Kano ai awa ɗaya da rabi ce"



Akwai maganar da ta ishe ni, kuma na san ta ishi da yawa daga cikinmu mazauna Legas. Da zarar an yi rasuwa ko biki a gida, sai a bugo waya: "Ai Legas zuwa Kano awa ɗaya da rabi ce a jirgi. In ba ka zo ba, ba ka yi niyya ba ne."

Ba ƙarya suka yi ba. Daga filin jirgin Murtala Muhammed na Ikeja zuwa na Malam Aminu Kano, jirgi yakan yi kusan awa ɗaya da rabi a sama. To amma wa ke cikin jirgin? Mai dakon albasa na Mile 12 ne, ko mai sayar da raguna na Alaba Rago? Tikitin zuwa da dawowa ya zarce mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024. Shi ma mai halin sai ya yi fama da gosulo kafin ya isa Ikeja, ya zauna jiran jirgin da ake iya ɗage tashinsa, in ya sauka Kano kuma ya nemi motar Haɗejia ko Daura.

Tafiyar talaka ta mota ce, kilomita wajen 1,000. Ya bi Ibadan, Ogbomosho, Ilorin, ya haye gadar Jebba, ya wuce Mokwa. Ko kuma ya zaga ta Lokoja da Abuja, sannan Kaduna da Zariya. Yini guda ne da dare, in mota ba ta lalace ba. Wanda ba shi da kuɗin bas kuwa, tirela yake hawa, ya kwana a saman kaya, ga gyangyaɗin direba ga ramuka ga 'yan fashi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, mu Musulmi ba ma ajiye gawa. Wanda ya rasu da asuba, sau da yawa kafin azahar an kai shi makwancinsa. Ɗan uwanmu zai sa ransa a hatsari, ya ci bashi, ya rufe shago mako guda, ya isa bayan an gama komai. Ba jana'iza ya je ba, gudun gori ya yi.

Wani zai ce zumunta a ƙafa take. Na yarda. Iyaye suna da hakki, kuma wanda ya samu hali ya ƙi zuwa bai kyauta ba. Amma zumunta ba ta ce a mayar da makoki ɗaya ya zama biyu ba. Addu'a tana isa ga mamaci daga Agege kamar yadda take isa daga Fagge. Kuɗin motar nan in an tura wa marayu, sai ya fi amfani.

Don haka ina roƙon 'yan uwa na gida, ku daina auna mu da agogon jirgin da ba ma hawa. Mu kuma na nan, in labari ya zo, a yi ta'aziyya ta waya, a tura abin da ya sawwaƙa, a shirya tafiya a tsanake, da rana, a motar fasinja. Kada wanda ya sake hawa saman tirela saboda kunyar baki.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya kiyaye matafiya. Amin.

Sakataren ƙungiya