Kafin ka sa gida a kasuwa, bari magini ya fara zagaya shi

Jama'a masu sauraronmu a Zabori da ƙauyukan kewaye, da ƴan uwa mazauna Kamba, Kwatano, Legas da Abijan, sharhinmu na yau kan cinikin gida ne.

Tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da rufe iyakar Gaya da Malanbil, kasuwancin da yankinmu ya dogara da shi ya ja baya. Daminar 2024 kuma ta zo da ambaliyar da ta shafi mutum sama da miliyan ɗaya a Nijar, har tsohon masallacin Birni na Damagaram ya rushe. A irin wannan hali, wanda buƙata ta matsa wa yakan waiwayi gidansa ko kangon da ya gada. Mai saye kuma sau da yawa ɗan uwa ne da ke ci-rani, wanda bai ga gidan ba sai a hotunan WhatsApp.

Nan ne gizo ke saƙa. Hoto ba ya nuna gara a cikin azara, ba ya nuna gindin bangon da ruwa ya cinye. An yi sabon yaɓe, an shafa farar ƙasa, gida ya fito tsaf. Damina ta farko rufi ya fara yoyo, bango ya buɗe baki, sai waya ta ɗau zafi tsakanin Abijan da gida. Kuɗi sun riga sun tafi, zumunci kuma ya bi bayansu.

A wasu ƙasashen Turai wannan magana ta zama doka. A Faransa, mai sayar da gida sai ya kawo takardun gwanayen da suka duba wasu abubuwa a cikinsa, irin su wayoyin lantarki idan sun tsufa, da gara a yankunan da ta yi yawa. A ƙauyukanmu magini ne gwaninmu, kuma ladan yininsa bai kai kuɗin ƙofar ƙarfe guda ba.

To me zai duba? Ya fara da gindin bango, musamman a ƙasar fadama inda danshi da gishiri ke cin tubali daga ƙasa. Ya kalli tsagar bango: wadda ta tsaya a yaɓe daban take da wadda ta ratsa tubali, tana faɗaɗa kowace shekara. Ya ƙwanƙwasa azara da sanda, don wadda gara ta ci tana amsawa kamar ganga. Ya hau rufi ya ga indararo da inda ruwa ke kwanciya, in kuwa kwano ne ya duba tsatsa da ƙusoshi. Ya ga nisan shadda da rijiya, ya kuma tambayi maƙwabta ina ruwan unguwa ke bi a watan Agusta. Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen damina, kafin a yi sabon yaɓe, domin a lokacin bango ba ya ɓoye komai.

Bayan bango sai takarda. Gidan gado da ba a raba ba, ko wanda wata ƴar uwa da ke aure a wani gari ba ta yarda a sayar ba, rigima ce ake sayarwa tare da shi. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ita ce tushen kwamitocin kula da filaye, daga Cofob na ƙauye zuwa Cofocom na ƙaramar hukuma, kuma ta hannunsu ake samun takardar shaidar sayarwa. Filin da aka yanka a cikin gari kuwa, takardarsa daga ofishin magajin gari take fitowa. A kira maƙwabta a taka iyaka a gaban maigari tun kafin a karɓi ko dala.

Wani zai ce: "Ni da kaina in tona aibin gidana? Ai farashi zai faɗi." Gaskiya ne, yana iya ragewa. Amma wanda ya gano tsaga da wuri yana da zaɓi biyu: ya gyara da kuɗi kaɗan ya sa farashinsa, ko ya faɗa a fili a yi ragi daidai da gyaran. Wanda ya ɓoye kuwa ya bar zaɓin a hannun mai saye. A fiƙihun Malikiyya wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani, kuma ɓoye shi na iya ba mai saye damar warware ciniki ko neman ragi. Dokar farar hula da Nijar ta gada daga Faransa ma ta ɗora wa mai sayarwa alhakin ɓoyayyen aibi.

Ku kuma ƴan uwa na waje, kar ku tura kuɗi kan hoto. Ku wakilta wanda ba shi da la'ada a cinikin, ya bi magini ɗaki ɗaki, ya ɗauko muku bidiyon gindin bango da rufi, sannan a rubuta abin da aka gani cikin takardar ciniki, shaidu su sa hannu. Dillali ya ci la'adarsa ya wuce, amma mai saye da mai sayarwa za su ci gaba da haɗuwa a wajen suna da jana'iza.