Ƙwayar man kifi ba ta maye gurbin maganin hawan jini

A makon jiya wata baiwar Allah, sa'ar mahaifiyata, ta shigo kantinmu a nan Suleja neman ƙwayar man kifi, tata ta ƙare. Da na auna jininta sai na tarar ya hau sosai. Na ce, "Hajiya, ina maganin hawan jininku?" Ta ce ta ajiye shi wata biyu ke nan, tun da ɗanta ya aiko mata da man kifi, wai yana wanke zuciya.

Bari mu faɗi gaskiyar lamarin. Man kifi na ɗauke da sinadarin omega-3, musamman EPA da DHA. Yana rage wani kitse da ke cikin jini, wanda ake rubuta shi triglycerides a takardar gwaji. Amma a 2018 wani bincike mai suna VITAL a Amurka, kan mutum sama da 25,000 da aka bi kimanin shekara biyar, ya nuna cewa giram 1 a kullum bai rage jimillar manyan cututtukan zuciya da shanyewar ɓarin jiki ba. A shekarar dai, binciken REDUCE-IT ya ga raguwar kashi 25 cikin 100, sai dai da tsantsar EPA giram 4, ga masu yawan wancan kitse da ke shan maganin kolestarol. Wannan kuwa likita ke rubutawa.

Akwai kuma abin lura. Shan shi da yawa na iya jawo rikicewar bugun zuciya. Mai shan maganin tsinka jini irin warfarin ya tuntuɓi likita tukuna. Mai juna biyu ta guji man hantar kifi, domin bitamin A da ke cikinsa na iya cutar da ɗan tayi idan ya yi yawa.

To, mene ne mafita? Kifin kansa. Ƙungiyar Kula da Lafiyar Zuciya ta Amurka na ba da shawarar cin kifi sau biyu a mako, musamman mai maiƙo. Titus, shawa da sardin na gwangwani duk suna nan a kasuwar IBB. A gasa ko a sa a miya, a rage suya da gishiri da dunƙulen ɗanɗano.

Idan kuma za ku sayi ƙwayar, ku duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Zafi na ɓata ta, don haka kada a bar ta a rana ko cikin mota. Wadda ta yi warin tsohon mai, a zubar.

Hajiya dai ta amince ta koma wurin likitanta. Ku ma ku leƙa ledar magungunan iyayenku yau, ku tabbatar ba a ajiye na hawan jini ba. Allah ya ƙara mana lafiya. Sai mako mai zuwa.