Gidan Masu Kashe Wuta Ya Daina Hura Wuta

Yau za mu leƙa Ingila ne, mu ga wani gyara da 'yan kwana-kwana ke yi wa gidajensu, domin akwai abin da ya shafe mu a ciki.

Tashar kashe gobara gida ce da ba ta barci. Dare da rana akwai ma'aikata suna jiran kira. A ƙasa mai tsananin sanyi kamar Ingila kuwa, tilas a ɗumama ɗakunansu, a tanadi ruwan zafi na wanka bayan sun dawo daga cikin hayaƙi, a kuma busar da jiƙaƙƙun kayan aiki kafin wani kiran ya zo. Shekara da shekaru, da iskar gas ake yin yawancin wannan hidima, a ƙona ta a babbar tukunya, zafin ya bi bututu ya zaga ɗakuna. Watau masu kashe wuta su ma wuta suke hurawa kullum, hayaƙinta na ƙara wa duniya ɗumama. Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi ke nan.

Cikin 2019 Birtaniya ta kafa doka cewa kafin 2050 sai hayaƙin da take fitarwa ya daina rinjayar wanda take kawarwa. Cikin 2020 kuma ta ware fam miliyan 1,000 don gyara gine-ginen hukuma. Hukumar kashe gobara ta Landan, mai tashoshi fiye da 100, ta fara da tashar unguwar Walthamstow, inda aka cire gas, aka koma ga lantarki.

To, yaya ake ɗumama gida ba a ƙona kome ba? Ku dubi firji. Yana zuƙe zafin cikinsa ne ya fitar ta baya, shi ya sa bayansa ke da ɗumi. Na'urar da ake kafawa firji ce da aka juya, tana zuƙo zafi daga iskar waje, ko da sanyi ake yi, ta shigar da shi ɗaki. Mudu ɗaya na lantarki yakan ba da kamar mudu uku na zafi. Amma sai an fara toshe kafofin rufi da tagogi da manyan ƙofofin motoci, don wanda ke zuba ruwa a tulu mai yoyo wahalar banza yake yi. Sharaɗi ɗaya ne ba a wasa da shi: duk gyaran da za a yi, kada ya jinkirta fitar mota ko da na minti guda.

Mu nan Nijeriya, wadda ta yi nata alkawarin na 2060 a taron Glasgow cikin 2021, ba ɗumama ɗaki ne damuwarmu ba. Tamu ita ce ruwa. Rijiyar burtsatse ba ta cika tanki sai da lantarki, in an ɗauke wuta sai janareto, shi kuwa sai an sami kuɗin dizal. Lokacin hunturu, sa'ad da kome ya bushe, iska na kaɗawa, ai kowa ya san yadda kasuwa ke cinyewa. Mutanen Kano ba su manta da gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ba.

Saboda haka muna kira ga gwamnatocin jihohi da ta tarayya, kafin a sayi wata sabuwar mota don bikin yanke kyalle, a fara shimfiɗa farantan hasken rana bisa rufin kowace tasha, da batura, don famfo ya ja ruwa, waya ta amsa kira ko da tsakar dare. Ranar da Turawa ke nema ido rufe, mu Allah ya ba mu ita kyauta. Motar da ta iso ba ruwa, ina amfaninta ga mai shagon da ke kallon jarinsa yana ci?

Allah ya tsare mu da gobara. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.